Ƙara wa Hilux ƙarfi ta ƙwaƙwalwa: bitar aikin wani gareji a Kano

Akwai wata sana'a da ta fara bayyana a garejojin manyan biranenmu, wato sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota domin inji ya ba da ƙarfin da ya zarce wanda kamfani ya fito da shi. Masu a-kori-kura ne aka fi yi wa tallarta, musamman masu Hilux mai shan dizal, domin su ne kullum suke ƙorafin cewa mota tana nauyi idan ta ɗauki kaya. Alkawari uku ake yi wa mai mota: ƙarfi zai ƙaru, shan mai zai ragu, kuma babu abin da zai sami inji. Na kai tawa wani gareji da ke Kano aka yi mata wannan aiki, Hilux ce ƙirar 2012 mai injin 1KD-FTV na lita 3.0 da giyar hannu, wadda take jigilar taki da hatsi tsakanin gari da gona. Abin da na samu shi ne alkawarin farko gaskiya ne, na biyu yana da sharaɗi, na uku kuwa babu wanda ya isa ya ɗauke shi, balle garejin da ba shi da abin awo.

Aikin kansa ba ya buƙatar sifana ko ɗaya. Matashin da ke yinsa ya fara da jona caja a batir domin kada wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar aiki, sannan ya soka waya a kafar OBD, wato soket ɗin da ake jona sikana, da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa ta da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hanyar wata 'yar na'ura. Na'urar kwaikwayon KESS ce, wadda kamfanin Alientech na Italiya yake ƙerawa, kuma shi kansa bai ɓoye mini cewa tasa ba ta asali ba ce. Ya kwafo fayil ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwar, ya tura shi ta intanet ga wani mutum a ƙasar waje wanda bai taɓa ganin motar ba, muka zauna a benci muna jira har gyararren fayil ya dawo, ya loda shi. Gwajin da aka yi bayan nan shi ne mu hau titi ya taka totur ya dube ni yana murmushi. Babu na'urar dino da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta kafin aiki da bayansa, babu ma'aunin zafin hayaƙi, kuma ba a duba lafiyar nozil masu fesa dizal cikin inji ba, alhali sikanar da ke hannunsa tana iya nuna yawan gyaran da ƙwaƙwalwa take yi wa kowane nozil. Da na tambayi maigidansa ko babu haɗari, sai ya ce: "Alhaji, ai wannan injin ɗaure shi aka yi tun daga kamfani, mu kwance shi kawai muke yi."

Maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take shiga kunne. Kamfanoni suna barin rata tsakanin abin da inji zai iya da abin da suka yarda ya yi, kuma sukan sayar da inji ɗaya da ƙarfi daban-daban. Injin 2KD-FTV na lita 2.5 ya fito da ƙarfin doki 102, ya fito da 120, ya kuma fito da 144. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ba lissafi kaɗai ya raba su ba: na 120 yana da intakula mai sanyaya iskar da tobo ya matse, na 144 kuma tobonsa mai fukafukai masu motsi ne. Haka da Toyota ta ɗaga injin 1GD-FTV na lita 2.8 daga ƙarfin doki 177 zuwa 204 a shekarar 2020, sai da ta saka masa tobo mafi girma ta kuma inganta hanyoyin sanyaya shi. Abin da ya fi jan hankalina a wannan sabuntawa shi ne mai giyar otomatik ta samu ƙarfin juyi na Nm 500, amma mai giyar hannu an bar ta a Nm 420. Inji ɗaya ne, kamfanin da ya ƙera shi ya san zai iya ba da 500, amma ya ƙi sakar wa kuloci da giyar hannu wannan nauyi. Wannan iyaka ita ce abu na farko da gyararren fayil yake ɗagawa.

Abubuwan da ake taɓawa ba su da yawa. Ana tsawaita lokacin da nozil yake buɗe domin ya fesa mai da yawa, ana ƙara matsin mai a cikin bututun da ke raba shi ga nozil huɗu, ana matso da lokacin feshin gaba kaɗan, ana ƙara iskar da tobo yake turawa, sannan a sassauta iyakoki biyu, ta ƙarfin juyi da ta hayaƙi. Injin dizal mai tobo yana karɓar wannan da sauri domin ƙarfinsa ya dogara ne da yawan man da aka ba shi muddin akwai iskar da za ta ƙona shi. Tawa ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 171 da Nm 343, kuma garejin ya ce ya kai ta wajen 210, adadin da na karɓa a matsayin magana kawai tunda ba a auna ba.

A kan hanya kuwa bambancin ba ɓoyayye ba ne, kuma dole a ba garejin haƙƙinsa. Wuce tirela a hanyar Zariya ya zama abu mai sauƙi a giya ta huɗu, inda a da sai na sauko ta uku inji yana ihu. Motar tana ɗaukar wuta tun daga ƙasa, ba ta jiran allura ta haura 2,000 kafin ta farka, kuma a cikin yashin hanyar gona wannan yana da amfani na gaske. Babu fitilar da ta kama a das, inji bai canja murya ba idan yana tsaye, tashin safe kuma yana nan yadda yake. Wanda ya tuƙa ta rabin awa babu kaya zai rantse cewa kuɗinsa ya yi aiki, kuma kuɗin ma bai kai na sabon nozil ɗaya na asali ba.

Batun mai shi ne mai sharaɗi. Idan motar babu kaya kuma ƙafa ta yi sanyi, akwai ɗan ragi, domin ana daɗewa a babbar giya. Idan an ɗora buhuna, ko kuma direba ya ji daɗin sabon ƙarfin yana amfani da shi, tanki yana ƙarewa kamar da ko ma ya fi sauri, domin ƙarin ƙarfi daga ƙarin mai yake fitowa, ba daga wani wuri ba. Lambar da das yake nunawa ba abin dogaro ba ce bayan an taɓa lissafi, saboda ƙwaƙwalwa ba ta auna man da ya wuce, ƙiyasta shi take yi daga alƙaluman da aka riga aka sauya. Awon da ya dace shi ne a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa a famfo ɗaya, a raba da kilomita.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne zafi, domin a nan ne garejin ya gaza kuma a nan ne inji yake mutuwa. Allurar zafi da ke das ruwan lagireto take aunawa, kuma an tsara ta ta zauna a tsakiya ba motsi har sai al'amari ya yi nisa. Zafin da ke kashe injin dizal shi ne na cikin silinda, wanda ake gane shi ta zafin hayaƙin da ke fita kafin ya shiga tobo. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuma yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyas; abin da ke hana shi narkewa shi ne wutar ba ta daɗewa a kansa, kuma akwai baƙin mai da ake feso masa daga ƙasa yana ɗauke zafi. Shi ya sa masu wannan sana'a a Ostiraliya da Amurka suke gargaɗin kada hayaƙi ya daɗe a sama da digiri 700, kuma mai mutunci a cikinsu ba ya sakin mota sai ya saka mata ma'aunin. Na sa wani bakanike daban ya huda bututun hayaƙi ya saka mini shi. A titin da ya miƙe babu kaya allurarsa tana ƙasa sosai, babu abin damuwa. A Hawan Kibo na hanyar Jos, da kaya a baya, ƙafa a ƙasa a giya ta uku, sai ta haura 700 kafin a kai rabin hawan, alhali allurar das tana tsakiya kamar an manna ta. Da na sauko giya ta biyu na sassauta ƙafa, inji ya samu ƙarin iska, zafin ya sauka. Direban da ba shi da wannan ma'auni ba shi da hanyar sanin lokacin da ya kamata ya ɗaga ƙafa, kuma yawancin a-kori-kura ba masu su ne ke tuƙa su ba.

Mutumin da ya rubuta fayil ɗin daga nesa bai san yanayin da motar take aiki a ciki ba. Iska mai zafin digiri 42, irin ta watan Afrilu a Kano ko Damagaram, ta fi mai digiri 20 sakayau da kusan kashi 7 cikin 100, ma'ana iskar da za ta ƙona mai ta ragu tun kafin ta isa tobo, intakula kuma da wannan iskar mai zafi yake ƙoƙarin sanyayawa. A tsaunin Jos, wanda ya kai mita 1,200 sama da teku, iskar ta ƙara raguwa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto cikin ɗan lokaci. Ga kaya da ake lodawa har sifirin ya miƙe, wanda ya wuce kusan tan ɗaya da aka ƙera motar ta ɗauka. Ratar nan da kamfani ya bari domin irin waɗannan ranaku aka bar ta, kuma a ƙasarmu su ne ranakun yau da kullum, don haka abin da garejin yake sayarwa ajiya ce da mun riga mun fara ci. Kamar mai cire hatsi ne daga rumbu a watan kaka saboda ya ga rumbun a cike.

Shi kuma 1KD yana da nasa tarihin da ya kamata duk mai taɓa shi ya sani. A Ostiraliya da Turai an san wasu daga cikin injunan wannan zamani, a Hilux da Prado, da tsagewar fistin, kuma kanikawan can suna danganta yawancinta da nozil da ya gaji yana zuba mai ba bisa ƙa'ida ba, da jan kaya mai nauyi, da kuma ƙarin ƙarfi na bayan kamfani. An kuma san ɗan zoben ƙarfe (washa) da ke ƙarƙashin nozil yana iya saki, hayaƙi ya shiga cikin baƙin mai ya daskarar da shi, dattin ya toshe rariyar da famfon baƙin mai yake zuƙa ta cikinta, inji ya buga. Gareji mai kula zai duba waɗannan biyun kafin ya taɓa lissafi, kuma zai mayar da motar da ba ta ci jarrabawar ba. Wannan garejin bai tambayi ko kilomita nawa nozil ɗina suka yi ba.

Sai man da muke sha. Famfon dizal da nozil na irin wannan inji suna aiki da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000, alhali tayar mota bar 2 zuwa 3 take ɗauka, kuma dizal ɗin da kansa ne yake zame musu man shafawa. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya nuna yadda ake shigo da dizal mai yawan sulfa Afirka ta Yamma, a lokacin da ƙa'idar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10. Ƙasashen ECOWAS sun amince da 50 a shekarar 2020, matatar Ɗangote kuma ta fara sayar da dizal a 2024, don haka al'amari ya gyaru a manyan gidajen mai. Amma wanda ke shiga ƙauye ya san akwai ranar da sai a galan zai samu, kuma a galan ne ake gamuwa da ruwa da gaurayen kananzir, wanda ba shi da santsin da famfo yake buƙata. Ƙara matsi a kan famfon da ke shan irin wannan mai gaggauta masa tsufa ne. Amurkawa sun ga irin wannan da famfon Bosch CP4, wanda idan ya ci kansa yake watsa garin ƙarfe cikin nozil da bututu da tanki gaba ɗaya, har aka janye motocin Ram na 2019 da 2020 domin a canja shi.

Abin da ya fara nuna gajiya a tawa shi ne kuloci. A giya ta biyar, idan na taka daga ƙasa, allurar inji tana tashi amma gudu ba ya ƙaruwa, wani lokaci kuma da ɗan ƙauri. Na koma garejin, maigidan ya ce kulocin dama ya tsufa, wanda yana iya zama gaskiya, sai dai kafin aikinsu bai taɓa zamewa ba. A nan ne kuma suka yi abin yabo: ainihin fayil ɗin motar yana nan a kwamfutarsu da lambarta a kai, suka ce in zaɓa ko a mayar da ita yadda take ko a rage, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na zaɓi a rage, na canja kuloci, zamewar ta tsaya, zafin hayaƙi a hawa kuma ya dawo inda hankali zai kwanta. Birki da taya da sifirin dai suna nan irin na mota mai ƙarfin doki 171, kuma babu wanda ya ambace su.

Wanda yake ganin tsoro ne kawai ya duba Amurka, inda wannan kasuwa ta fi girma da daɗewa. Injin Ford Power Stroke na lita 6.0, na 2003 zuwa 2007, ya yi suna da ƙone gaskit da zarar an ƙara masa ƙarfi, domin kusoshin da ke riƙe da kan silinda suna miƙewa, har ya zama al'ada a canja su da masu ƙarfi kafin a taɓa lissafi. Injin Cummins na lita 6.7 yana jure ƙari sosai, amma giyar 68RFE da ke bayansa ita ce ke biyan bashin. A can mai mota ya san idan zai ƙara ƙarfi sai ya yi tanadin kuɗin giya da kuloci da ma'aunai, kuma kuɗin waɗannan ya ninka na fayil sau da yawa.

Garejin yana kuma tallar kashe EGR, wato bawul mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji domin rage gubarsa, da cire DPF, matatar da ke tare baƙin hayaƙi, ga masu sababbin motoci. Na fahimci dalilin da ya sa mutane ke so, domin DPF tana toshewa idan mai yana da sulfa ko tafiyar gajera ce, kuma ko a Ostiraliya sai da kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa wannan matata tana da tangarɗa a motocin Hilux da Prado da Fortuner sama da 260,000 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020. Amma hayaƙin da aka saki yana da inda yake zuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta a 2020 cewa an cire na'urorin tace hayaƙi daga a-kori-kura masu dizal sama da 550,000, kusan kashi 15 cikin 100 nasu, kuma ta ci tarar kamfanonin da ke sayar da kayan, ciki har da H&S Performance da ya biya dala miliyan 1 a 2015. A nan babu mai tare ka a hanya saboda wannan, sai dai mai babur da ke bayanka a go-sulo da mai tallar da ke bakin titi su ne ke shaƙa. Baƙin hayaƙi kuma, ko an bar batun lafiya, alama ce ta man da bai ƙone ba da kuma inji mai zafi.

Sauran kayan da ke kantarsu ba sa buƙatar dogon bayani. Akwatin da ake jonawa a wayar sensar matsin mai ƙarya yake yi wa ƙwaƙwalwa cewa matsi ya yi ƙasa domin ta ƙara, kuma masu arha a cikinsu ba su san komai game da iska ko zafi ba. Amfaninsa ɗaya shi ne ana iya zare shi. Na'urar da ake haɗawa da totur ba ta ƙara ko doki ɗaya, tana sa ɗan taki ya zama kamar babba ne kawai, don haka ba ta da illa ga inji sosai. Ƙaramar robar nan mai suna Nitro OBD2 kuwa, masu bincike na kamfanin Quarkslab na Faransa sun farke ta a 2017 suka tarar ba ta aika wa mota komai, fitilu kawai take ƙyaftawa. Mai Hilux ta fetur mai injin 2TR-FE na lita 2.7, wadda ta cika hanyoyin Najeriya, ya riƙe kuɗinsa, domin inji marar tobo ba shi da wani abin kirki da lissafi zai fito da shi.

Hukuncina a kan garejin shi ne hannunsu yana da tsabta, suna ajiye fayil, ba sa guje wa mai ƙorafi, amma masu loda fayil ne ba masu daidaita inji ba, kuma bai kamata su riƙa cewa babu haɗari ba alhali ba su da abin da za su gan shi da shi. Wanda yake tuƙa motarsa da kansa, ba ya lodi, nozil ɗinsa lafiya, kuma ya yarda ya saka ma'aunin zafin hayaƙi ya rage tazarar canjin baƙin mai, zai iya neman ƙari matsakaici ya ji daɗinsa. Motar haya, motar gona mai direba, motar da ke shiga daji inda bakanike yake da nisan yini, ban ga dalilin taɓa su ba.

Mai sabuwar mota ya sani cewa kamfani yana iya gane an taɓa ƙwaƙwalwa ko da an mayar da fayil na asali, domin wasu suna ƙirga sau nawa aka rubuta su. Volkswagen ma yana da lambar TD1 da yake liƙa wa irin wannan mota a kundinsa, kuma daga nan garantin inji ya zama abin jayayya. Mai sayen 'yar Kwatano kuma nasa haɗarin daban ne, domin yana iya sayen wadda aka riga aka taɓa a ƙasar da ta fito, ya kai ta gareji a ɗora ƙari a kan ƙari, kuma fayil ɗin da za a ajiye masa a matsayin na asali ba na asali ba ne. Kafin a taɓa komai a sa sikana ta karanto lambar lissafin da ke ciki a gwada ta da ta kamfani, a rubuta lambobin nozil huɗun a takarda, sannan mai mota ya karɓi kwafin fayil ɗinsa a filashi ya tafi da shi gida, domin idan rubutu ya katse a tsakiya ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, kuma wadda za a saya a madadinta sai an haɗa ta da makulli an sake shigar mata da waɗannan lambobin kafin motar ta koma daidai.